Ranar da Cokali Ya Faɗi a Hannun Guduma

Akwai wani mai gyaran jikin mota da kowa ke kira Guduma. Jama'ar wannan shafi, ku ɗan samu wuri ku zauna, labarinsa ba na karantawa a tsaitsaye ba ne.

Sunan bai zo masa a banza ba. In mota ta yi karo ta koma kamar gwangwanin da aka taka, garejinsa ake jawo ta. Zai zagaya ta, ya shafa inda ta lotsa da tafin hannu, ya ce a miƙo masa guduma. Inda guduma ta kasa, ya ɗaura sarƙa ya ja. Inda sarƙa ta kasa, ya sa wuta. Kafin ka farga ƙofa ta miƙe fes kamar ba ta taɓa sanin hatsari ba.

In an yaba masa, magana ɗaya yake maimaitawa: "Ni ban taɓa ganin abin da ya lanƙwashe ya gagari duka ba."

Da a kan ƙarfe kaɗai ya tsayar da wannan magana, da ba mu da labari. Amma mutumin nan zuciyarsa a kusa take, hannunsa kuma ya fi bakinsa sauri. Masu aiki a ƙarƙashinsa ba sa daɗewa. Matarsa kuwa, baiwar Allah, daga yadda ya turo ƙofa take gane irin yinin da za a yi a gidan.

Da Allah ya ba su ɗa namiji, Guduma ya kusa zaucewa don murna. Ya laƙaba masa Ƙaramin Oga, aka gajarta ya koma Ƙarami. Tun yaron bai iya zama ba uban ya ƙera masa 'yar guduma mai ƙotar katako, ya rataye ta a bangon ɗaki.

"Wannan shi zai gaje ni," in ji shi. "Ki dubi hannun nan, kullum a dunƙule. Tun daga ciki ya zo da shirin aiki."

Matar ta yi dariya a lokacin. Daga baya dariyar ta ɗauke, domin hannun ya ƙi buɗewa.

Ƙarami ya yi jinkirin zama, ya yi jinkirin tafiya. Har ya shekara uku bakinsa bai wuce 'yan sautuka ba. Hannunsa na dama yawanci a dunƙule yake, in ya kai wa abu sai ya ture shi maimakon ya ɗauka. Ƙara kuwa ba ya ƙaunarta ko kaɗan. Ranar da uban ya ɗauke shi a kafaɗa ya kai shi gareji don ya yi taƙama da shi, bugun farko da aka yi wa ƙarfe yaron ya toshe kunnuwa ya zube ƙasa yana ihu.

Wani direba ya kwashe da dariya ya ce, "Oga, ɗan guduma da tsoron guduma?"

Dariyar nan ta bi Guduma har gida.

Daga ranar ya kafa doka. Ba za a ƙara ba Ƙarami abinci a baki ba, da kansa zai ci, kuma a gabansa.

Aka zuba shinkafa a ɗan kwano. Guduma ya cusa wa yaron cokali cikin yatsu. Ƙarami ya ɗaga hannu yana rawa, cokalin ya sulluɓe ya faɗi a kan siminti ya yi ƙara.

Tas! Mari.

"Ɗauka."

Yaron ya lalubi cokalin yana kuka. Ya sake faɗuwa. Aka sake marinsa.

"Baban Ƙarami, don girman Allah," matar ta ce, ta sa jikinta a tsakaninsu. "Ba ƙin yi yake ba. Hannun ne ba ya yi masa."

"Ke kika lalata shi da shagwaɓa. Matsa."

Ba ta matsa ba. Marin da ya yi niyyar yaro da shi sai ya sauka a kuncinta, ta dafe bango. A ranar Ƙarami bai ci komai ba sai abin da uwarsa ta ba shi a ɓoye bayan uban ya fita.

Haka abin ya zama kullum. Cokali ya faɗi, mari ya biyo baya. Har ta kai yaron ba ya jiran marin, da zarar cokali ya taɓa ƙasa sai ya ɗora hannuwansa biyu a kai ya dunƙule wuri guda.

Wata safiya matar ta yi ta maza ta ce, "Mu kai shi asibiti a duba mana shi. Ka ga sa'anninsa duk sun wuce nan."

"Asibiti?" Ya ajiye kofin da ke hannunsa. "Zazzaɓi yake yi? Ko kin ga jini? Ɗana ba majinyaci ba ne. So kike a riƙa nuna ni da yatsa, a ce ga uban wancan yaron? Hannu ne ya lanƙwashe. Wa ya fi ni sanin yadda ake miƙar da abin da ya lanƙwashe?"

Nan ne fa, jama'a, ya yi abin da har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Ya je gareji ya yanki ƙarfe mai faɗi daidai tafin hannun yaro. Ya yi masa wani a sama, ya haɗa su da noti, yadda in ka juya sifana za su matse yatsu su miƙar da su dole. Ya zauna ya goge gefe-gefen har suka yi santsi don kada su yanki ɗansa. Ya shimfiɗa robar taya a ciki don laushi. Wallahi da zuciya ɗaya ya yi aikin, har yana jin daɗin kyan da abin ya yi. A ganinsa babu uban da ya kai shi kula da ɗa.

Ya zo gida ya danne Ƙarami tsakanin cinyoyinsa, ya ɓamɓare yatsun da ƙarfi, ya zura su ciki, ya juya noti. Ihun da yaron ya yi sai da maƙwabta suka leƙo. Uwar ta kama hannun mijinta tana roƙo, ya hankaɗe ta ta faɗa kan kwanuka.

"Kowace safiya zan ƙara juyi ɗaya," in ji shi. "Wanda ya taɓa min ƙarfen nan sai na karya shi."

Bai kai ga juyi da yawa ba. Wata rana ya dawo da yamma ya tarar da hannun Ƙarami a naɗe da bandeji, ƙarfen kuma babu shi.

"Ina ƙarfena?"

Matar tana tsaye, ta ɓoye yaron a bayanta. Ba ta sunkuyar da kai ba. "Yatsun sun kumbura sun yi baƙi. Na ɗauki sifanarka na kwance, na kai shi asibiti. Likita ya ce da an ƙara barinsa, da sai dai a yanke. Ƙarfen na jefar da shi."

Maganar yankewar ta ɗan tsorata shi. Amma irin su Guduma, in tsoro ya kama su, fushi suke mayar da shi. Ya zare bel. Ba zan ba ku labarin dukan da ya yi mata ba, ya isa ku sani ta kwana biyu ba ta iya ɗaga tulu. Ƙarami yana ƙarƙashin gado, hannuwa a kai, yana kallo.

"Kika sake taka ƙofar asibitin nan," ya ce yana haki, "ki tabbata ba nan za ki dawo ba."

Ta ce to. Amma uwa ce.

Bayan wani lokaci Guduma ya fara ganin wasu 'yan tarkace a gidan. Roba cike da wake, an binne murafun kwalba a ciki. Maƙalan shanyar tufafi jere a bakin bokiti. Kwaɓaɓɓen fulawa a leda. Har da wani cokali da aka naɗe wa mariƙi da soso ya yi kauri kamar ƙotar guduma.

"Wannan shirmen fa?"

"Wasa yake yi da su."

Ya yi tsaki ya sa ƙafa ya ture robar, wake ya watse. Bai kawo komai a ransa ba.

Wata rana ya dawo da rana tsaka ɗaukar wani abu da ya manta. Ta taga ya hango Ƙarami zaune a kan tabarma, ƙafafunsa a miƙe, ya riƙe cokalin nan mai kauri. Ya ɗebi shinkafa. Rabi ya zube a hanya, rabi ya isa baki. Uwar ta tafa masa a hankali, yaron ya washe baki yana dariya.

Guduma ya ji wani sanyi a ƙirjinsa. Ya banko ƙofa yana cewa, "Kin gani ko? Kin ga aikin ƙarfena? Da kin bar shi, da yanzu yana riƙe guduma! Ƙarami, ƙara ɗaya Baba ya gani."

Yaron ya ɗago ya ga ubansa. Hannun ya kama rawa, yatsun suka koma suka dunƙule, cokali ya faɗi. Kafin ƙararsa ta gama fita ya riga ya rufe kai da hannuwa.

"Kin gani? Da gangan yake yi min," in ji Guduma, ya kwashe shi da mari.

Kai jama'a! Mutum yana ganin amsa da idonsa, amma ya karanta ta a juye.

Asirin matar ya tonu ne a gareji. Direban nan mai bakin tsiya ya kawo mota, ya jingina da ita yana kallon ana aiki, ya ce, "Oga, yanzu na sauke fasinja a asibiti, na hango madam da Ƙaramin Oga. Can sashen da ake kai yaran nan masu lalura. Ashe abin har ya kai haka? Allah ya ba shi lafiya."

Duk wanda ke garejin ya ji. Aka daina bugu.

Guduma ya ajiye gudumarsa a hankali. Naushi ɗaya ya yi wa direban, mutumin ya bi jikin motarsa ya zauna a ƙasa, leɓe a fashe. Guduma bai tsaya wanke hannu ba, da kayan aikinsa masu baƙin mai ya nufi asibiti. Idonsa ya rufe.

Ya bi dogon baranda yana tambaya da tsawa har aka nuna masa ƙofar. Ya tura ta da ƙafa.

Abin da ya gani bai yi masa kama da asibiti ba. Babu gado, babu allura. Katifu ne a shimfiɗe a ƙasa, ga lilo a rataye daga rufi, ga robobin wake da yashi, ga wani ƙaton madubi da ya cinye bango guda. Iyaye mata suna zaune da 'ya'yansu. A tsakiya wata mata ce mai farar riga, ta durƙusa a gaban Ƙarami tana riƙe da wata riga mai manyan maɓallai, yaron yana ƙoƙarin tura ɗaya cikin raminsa. Ita ce ma'aikaciyar sashen, iyayen yara suna kiranta Anti Mai Wasa.

Ƙarami ya ga ubansa a cikin madubi tun kafin ya juyo. Ya saki rigar ya rufe kai.

"Ke!" Guduma ya daka wa matarsa tsawa. "Me na ce miki?"

Anti ta miƙe ta tsaya a gabansa. Ba ta kai kafaɗarsa ba. "Sannu da zuwa. Kai ne baban Ƙarami? Don Allah sassauta murya, yaran nan ƙara tana firgita su."

"Ke ce likitar? Wannan shi ne maganin? Wasa da wake?"

"Ni ba allura nake yi ba," in ji ta. "Aikina in koya wa yaro abin da rayuwa za ta nema a wurinsa kullum. Ya ci da kansa, ya sa riga, ya riƙe fensir, ya jure hayaniya. Ta wasa muke bi, don ta nan yaro yake koyo. Ɗanka yana ƙoƙari sosai. Zauna ka gani."

"Ni za ki koya wa renon ɗana?"

Ya yi ƙwallo da robar wake, ta daki bango. Ya kama igiyar lilo ya fizga har ƙugiyar ta tsinko daga rufi. Yara suka kaure da ihu, iyaye suka rarumi 'ya'yansu suka yi lungu. Ya damƙi Ƙarami a dantse ya ɗaga shi sama kamar kaza.

Matar ta yi tsalle ta rungume yaron. "Ba za ka tafi da shi ba! Kashe ni a nan, amma ba za ka tafi da shi ba!"

Bai taɓa jin ta ɗaga masa murya ba, balle a gaban mutane. Ya saki yaron, ya dunƙule hannun dama, hannun da ya yi shekara da shekaru yana miƙar da ƙarfe, ya kai mata naushi da dukan ƙarfinsa.

Ta duƙa a kan ɗanta.

Naushin ya wuce ta ya shige madubi.

Gilashi ya tarwatse. Guduma ya fizgo hannunsa, fizgowar ce ma ta fi yi masa illa, domin wani tsinin gilashi ya tsarge shi daga wuyan hannu zuwa tafi. Jini ya yi tsartuwa har kan katifu. Ya tsaya yana kallon hannun kamar na wani.

"Ku fitar da yaran, kada wanda ya taka gilashi!" Anti ta faɗa. Ta figi tawul ta naɗe masa hannun ta danne da ƙarfi, ta ɗaga shi sama. "Zauna. Na ce zauna! Riƙe shi sama da kanka. A kira min likita!"

Karon farko a rayuwarsa aka daka masa tsawa ya bi. Ya zauna a ƙasa cikin wake da gilashi. Ya yi ƙoƙarin motsa yatsunsa a cikin tawul, bai ji sun amsa ba.

Aka shiga da shi tiyata. Likita ya ce jijiyoyin yatsu sun yanke, an ɗinke abin da za a iya ɗinkewa, saura sai haƙuri da motsa jiki. Hukumar asibiti ta sa ya gyara abin da ya fasa, ta kuma gargaɗe shi cewa in ya sake ɗaga murya a harabar, 'yan sanda ne za su amsa masa.

Da aka sallame shi, gida babu kowa. Yayan matarsa ya zo ya kwashe ta da yaron. Saƙon da ya bar masa gajere ne: ƙanwarsa ba jikin mota ba ce.

Nan Guduma ya san yana da hannu. Da aka cire bandeji, yatsun sun ƙage a lanƙwashe, rabi a buɗe rabi a rufe. Maɓallin riga ya gagare shi. Ashana ta gagare shi. Ya je gareji ya kai hannu ga gudumarsa, ta zame ta faɗi kusa da ƙafarsa, masu aiki suka kawar da kai kamar ba su gani ba. Wannan kawar da kan ya fi dariya yi masa ciwo.

Likita ya tura shi sashen da za a koya masa amfani da hannun. Da ya ji wane sashe ne, ya ce ko mutuwa zai yi ba zai je ba. Shi zai gyara abinsa.

Ya zauna a bakin gado, ya ɗora hannun a kan gwiwa, ya sa na hagu ya kama yatsun ya banƙare su da ƙarfi. Wani azababben zafi ya tsarga masa har ƙwaƙwalwa. Ƙato da shi, ya ƙwalla ƙara, gumi ya keto masa, ɗakin ya juya. Da ya dawo hayyacinsa yatsun suna nan yadda suke, sai kumburi da suka ƙara.

Idonsa ya sauka a kan 'yar gudumar da ke rataye a bango. Ya tuna noti. Ya tuna shi na ɗan lokaci ya ja ya saki, amma yaro ɗan shekara uku da abin yake kwana, da shi yake tashi, kuma ba shi da bakin da zai ce ya isa.

Washegari ya je sashen.

Anti ta dube shi, ta dubi hannun. An sa sabon madubi. Ba ta yi masa murmushi ba, ba ta kuma yi masa gori ba. Ta ba shi lokacin da babu yara, ta nuna masa kujera, ta ajiye maƙalin shanya ɗaya a gabansa.

"Buɗe shi."

Ya so ya yi tsaki. Ya sa yatsu biyu ya matsa. Maƙalin ko motsi bai yi ba. Ya sake, jijiyar wuyansa ta tashi, abin ya sulluɓe ya faɗi ƙasa. Ba da saninsa ba ya ɗan noƙe kai.

"Babu mai dukanka a nan," in ji ta. Ta ɗauko ta mayar masa. "Sake gwadawa. A hankali."

Can ya ce, "Shi ma da wannan ya fara?"

"Da wanda ya fi wannan laushi. Ya daɗe yana fama. Ranar da ya buɗe shi, sai da ya zagaya ɗakin nan yana nuna wa kowa."

"Zai warke?"

"Ba zan yi maka alkawarin abin da ban sani ba. Amma yana ci gaba, kuma irin wannan taimako, da wuri ya fi amfani. Da tun farko aka kawo shi, da ya fi haka nisa." Ta dube shi ido cikin ido. "Gaskiya ɗaya zan faɗa maka. Rabin aikina a kan ɗanka ba hannunsa ba ne. Tsoronka nake cire masa."

Guduma ya sunkuyar da kai ya ci gaba da matsa maƙalin.

Ya yi ta zuwa. Ya tsinci wake, ya murza fulawa, ya zura maɓalli. Mutumin da ya yi ƙwallo da roba, yau shi ne zaune yana murna don ya ɗauki ƙwayar wake da yatsu biyu. Hannun ya ɗan saki, amma likita ya faɗa masa kada ya sa ran riƙe guduma kamar da.

Bayan an ɗauki lokaci ya tattara ƙarfin halinsa ya je gidan yayan matarsa. Aka bar shi a tsaye a ƙofa har ƙafarsa ta gaji, sannan aka ce ya shigo.

"Yaya, na zo neman gafara."

"Ba ni ka daka ba," in ji yayan. "Ga ta nan. In ta ce ba ta komawa, magana ta ƙare. Kuma ko ta koma, ranar da ka sake ɗaga mata hannu ko ka taɓa yaron nan, da ni za ka yi."

Matar tana zaune a gefe. Ƙarami yana maƙale a bayanta, ido ɗaya kawai yake leƙowa da shi. Uban ya kira sunansa a hankali, yaron ya ƙara shigewa.

Lokacin abinci ya yi, aka kawo, domin ba a korar baƙo da yunwa ko da shi ne Guduma. Aka ajiye masa kwano da cokali. Aka zuba wa Ƙarami nasa a can kusa da uwarsa, da cokalinsa mai mariƙin soso. Yaron yana ci yana satar kallon ubansa.

Guduma ya so su ga ya samu sauƙi. Ya ɗauki cokali da hannun dama. Ya ɗebi shinkafa, ya ɗago. Hannun ya kama rawa. Yana dab da baki yatsun suka saki.

Cokali ya faɗi a kan siminti ya yi ƙara.

Yayan, wanda ke zaune kusa, ya miƙa hannu zai ɗauko masa.

Ƙarami ya ga an ɗaga hannu.

Ya yar da kwanonsa, ya taso da gudunsa mai tangal-tangal, ya faɗa jikin ubansa. Ya miƙe a kan yatsun ƙafa, ya ɗora 'yan hannuwansa biyu a kan Guduma ya rufe masa kai, daidai yadda yake rufe nasa. Ya juya ya dubi kawunsa, bakinsa yana kokawa da kalmomi.

"A'a... duka. Baba... a'a."

Uwar ta toshe baki da mayafi. Ba ta taɓa jin ya haɗa magana haka ba.

A duniyar da yaron nan ya sani, duk wanda cokalinsa ya faɗi dukansa ake yi. Ubansa ne ya koya masa haka. Shi ne ya zo ya tare wa uban.

Da ya ga babu wanda ya kawo duka, sai ya sauke hannuwansa. Ya koma ya ɗauko cokalinsa mai kauri, ya dawo. Ya kama hannun ubansa mai tabo, ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya a hankali, yadda Anti take yi masa, ya sa cokalin a ciki, ya rufe. Sannan ya ja da baya ya tafa masa sau biyu.

Guduma ya dubi cokalin. Ya dubi ɗan hannun da ya taɓa matsewa da noti. Ya buɗe baki zai yi magana, sai kuka ya ƙwace masa, irin kukan da babba ke yi har kafaɗunsa na girgiza. Babu wanda ya ba shi haƙuri, kuma ni ma da ina wurin ba zan ba shi ba.

Ƙarami ya tsaya yana jira. Da ya ga kukan ya ƙi ƙarewa, sai ya tura masa kwanon gaba.

"Baba," ya ce. "Ci."

Darasi: Yaron da ya yi jinkirin zama, tafiya, magana ko riƙe abu ba taurin kai yake yi ba, taimako yake nema, kuma duka ba ya koya masa komai sai tsoro. Kada kunyar abin da mutane za su ce ta hana ku kai shi wurin masana da wuri, kada kuma ku raina aikinsu don kun ga da wasa suke yi. Hannun da kake taƙama da shi yau, gobe yana iya kasa ɗaga cokali. Ku tura wannan labari ga duk uba da uwar da kuka sani, wataƙila akwai wani Ƙarami da ke rufe kansa yanzu haka yana jiran wanda zai fahimce shi.